Tsawon Hasumiya da Nisan Fadama: Tarke a Kan Ginin Dutse a Wasan Valheim

Gabatarwa

Ba a saba ganin wasan kwamfuta a shafukan da aka keɓe wa waƙa da zube da wasan kwaikwayo ba, don haka ya kamata mu fara da faɗin abin da ya jawo wannan maƙala. A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe ya makara wajen miƙa babi na uku na kundinsa. Da muka matsa masa da tambaya, sai ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mana abin da ya cinye masa darare: wata doguwar hasumiya ce ta dutse a bakin teku, wadda ya gina a cikin wani wasa mai suna Valheim. Mun yi masa faɗan da ya dace da malami. Amma wata magana da ya yi yana kare kansa ta tsaya mana a rai. Cewa ya yi, dutsen da ke can ƙoli ya fi na ƙasa tsada nesa ba kusa ba, alhali dutse iri ɗaya ne. Bin diddigin wannan magana shi ya kai mu ga zama a gaban wasan na tsawon hutu, kuma abin da muka gano shi ne za mu yi ƙoƙarin feɗewa a nan.

Wani ƙaramin kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Iron Gate shi ya ƙirƙiri Valheim, aka fara sayar da shi a watan Fabrairu na 1 ga shekarun annobar korona da suka biyo bayan 2020, wato ranar 2 ga Fabrairu, 2021, a lokacin ma'aikatan kamfanin ba su wuce mutum 5 ba. Cikin wata ɗaya aka sayar da kwafi sama da miliyan 5. Wasan yana cikin rukunin da ake kira wasannin tsira da rai, inda ake jefa mutum cikin daji ba shi da komai, ya nemi abinci da makami da wurin kwana. Labarinsa an ɗebo shi ne daga hikayoyin mutanen arewacin Turai na zamanin Baikin, kafin su karɓi addinin Kirista. Tauraron wasan jarumi ne da ya mutu a fagen fama, aka ɗauko shi aka sauke a wata duniya ta goma, domin ya kashe wa Odin, babban abin bautar mutanen, wasu tsofaffin abokan gaba. Wani hankaka mai suna Hugin ne ke sauka lokaci lokaci yana yi masa jagora.

Manazarta sun daɗe suna muhawara a kan yadda za a karanta irin waɗannan wasanni. A 1997 Espen Aarseth, ɗan ƙasar Norwe, ya nuna cewa akwai nau'in matanin da ba ya karantuwa sai mai karatu ya yi aikin wahala a cikinsa. A 2007 kuma Ian Bogost na Amurka ya kawo ra'ayin cewa dokokin wasa da kansu suna iya isar da saƙo, ko da ba a furta kalma ɗaya ba. A kan wannan ra'ayi na biyu muka dogara, domin a ganinmu ainihin jigon Valheim yana cikin dokar da ke hana gini wuce wani tsawo, fiye da yadda yake cikin maganganun hankaka ko rubuce-rubucen da aka sassaƙa a kan duwatsu.

Dokar Gini

Duk wanda ya riƙe guduma a wasan, ya ɗora ta a kan wani ɓangare na gininsa, zai ga ɓangaren ya sauya launi. Abin da ya taɓa ƙasa shuɗi ne. Wanda ke bisansa kore ne, daga nan sai ruwan ɗorawa, sai ruwan goro, sai ja. Idan aka kai ja, duk abin da aka ƙara a kai zai tsaya na ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan ya farfashe ya zubo ƙasa a gaban idon magini. Masu iya magana kan ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, to a nan an mayar da karin maganar lissafi. Kowane yanki na gini yana karɓar ƙarfi daga wanda ke ƙarƙashinsa, wani kaso yana zubewa a hanya, har a zo inda abin da ya rage bai isa ya riƙe komai ba.

Katako na yau da kullum yana kai mutum kimanin mita 16. Gungumen itacen da ake sarowa a Baƙin Daji yana kai shi kimanin mita 24. Dutse kuwa, wanda mai wasa ke ɗokin samu, yana tsammanin shi ne ƙarshen matsalarsa, shi ma a wajen mita 16 yake tsayawa, daidai da katakon da aka raina. Bugu da ƙari, dutse ba ya yarda ya zauna a kan katako, kuma ba ya miƙewa gefe ya zama rufi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abu ɗaya ne a farkon rabin wasan ke fasa wannan iyaka, wato ginshiƙin katako mai ɗaurin ƙarfe, wanda ke kaiwa kusan mita 50. Saboda haka duk wata doguwar hasumiyar dutse da aka gani a Valheim, a cikinta akwai ƙashin ƙarfe da aka ɓoye, dutsen kuwa riga ce kawai aka sa masa.

Domin a fahimci nauyin wannan zaɓi, sai a kwatanta shi da Minecraft, wanda shi ma ɗan Suwidin ne, Markus Persson ya fara fitar da shi a 2009. A can, in ban da irin su yashi da tsakuwa, mutum na iya cire duk tubalin da ke ƙasa, na sama ya ci gaba da zama a sarari ba abin da ya riƙe shi. Iyakar tsawo a Minecraft layi ne kurum da aka ja a sama, wanda aka ɗaga zuwa 320 a 2021. Magini ba ya jin zuwan iyakar, sai dai ya yi karo da ita. A Valheim kuwa tun daga tubali na biyu ake jin ƙarfi yana raguwa.

Ɗaliban rubutacciyar waƙa za su gane wannan bambanci da sauri. Tun da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara ilimin aruli a ƙarni na 8, mawaƙin da ya zaɓi kari ya san cewa ya ɗaure kansa, kuma mai sauraro yana auna gwanintarsa ne da yadda ya yi tafiya cikin ɗaurin ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Baitin da ya zauna daram a kan kari da amsa-amo yana da wani daɗi da ba a samu a maganar da aka sake ta ta tafi yadda ta ga dama. Haka hasumiyar Valheim take. Wanda ya san dokar, idan ya ga gini mai mita 40, ba tsawon kaɗai yake gani ba, yana ganin dabarar da aka yi aka kai can.

Kuɗin Kowane Mita

A nan ne maganar ɗalibin namu ta fito fili. Mai wasa ba ya samun izinin gini da dutse sai ya kafa teburin sassaƙa, teburin kuwa ba ya kafuwa sai da ƙarfe. Ƙarfe kuma ba a samunsa da yawa sai a Fadama, wani yanki mai duhu wanda ruwan sama ba ya ɗaukewa a cikinsa, ga matsattsaku a cikin ruwa, ga gawawwakin mayaƙa da ake kira Dirauga suna yawo da baka da gatari. Tarkacen ƙarfen yana binne ne a cikin wasu kusheyi da suka nutse, waɗanda ƙofofinsu ba sa buɗuwa sai da mabuɗin da ake samu bayan an kashe babban dodo na biyu, wani ƙaton itace mai tafiya. Kafin a kai ga wannan dodo, sai an kashe na farko, an haƙi tagulla da kuza, an ƙera makamai. Ke nan kafin a aza dutse na farko an riga an yi doguwar tafiya.

Ba a nan wahalar ta tsaya ba. Wasan yana da wasu ƙofofin tsafi da ke ɗauke mutum daga wannan tsibiri zuwa wancan cikin ƙiftawar ido, amma bisa tsarinsa na asali an hana shiga cikinsu da ƙarfe ko tama. Dole a loda a jirgin ruwa, a bi iska, a yi fatan kada macijin teku ya taso da dare. Bari mu yi ɗan lissafi. Ginshiƙi ɗaya mai tsawon mita 2 yana cin ƙarfe 1. Kusurwa ɗaya mai mita 50 za ta ci 25, kusurwa huɗu su ci 100, ban da gicciyen da za su riƙe benaye. Kowane tarkacen ƙarfe nauyinsa 10 ne a ma'aunin wasan, mutum kuwa ba ya ɗaukar fiye da 300, har da sulkensa da makamansa da guzurinsa, sai fa in ya sayi wata ɗamara da ke kai shi 450. Bayan an iso gida kuma, kowane tarkace sai ya ci gawayi 2 kafin ya narke. Kuma ƙarfen nan shi ne dai wanda ake bukata domin takobi da garkuwa da ƙusoshin babban jirgi. Duk ginshiƙin da aka dasa a hasumiya, sulke ne aka fasa ƙerawa.

Wannan shi ne abin da muke ganin ya fi komai kyau a zubi da tsarin wasan. Mita 16 na farko ana biyansu da dutsen da ke warwatse a ko'ina. Abin da ya ɗara haka ana biyansa da tafiya Fadama, da mutuwa a can, da komawa tsirara domin ɗauko kayan da suka zube a kabarin mutum. Saboda haka hasumiyar ta zama tarihin mai ita, ana iya karanta ta daga ƙasa zuwa sama kamar yadda ake karanta babi bayan babi. Ɗalibin namu yana iya nuna hawa na biyar ya ce a nan ne jirginsa ya nutse da kaya, ya dakata mako guda. Babu marubucin da ya rubuta masa wannan labari. Doka ce ta tilasta labarin ya auku, shi kuma ya mallake shi.

Abin mamaki kuma, hasumiyar ba ta da wani amfani ga tsira. Yunwa ba ta kisa a Valheim, abinci ƙarin lafiya da kuzari kawai yake bayarwa. Hutun da ke ƙara wa jarumi ƙarfi ana lissafa shi ne da wuta da gado da kujera da shimfiɗa, ba a tambayar ko a hawa na nawa suke. Wajen tsaro kuwa, duk wanda ya daɗe a wasan ya san cewa rami mai zurfi da aka haƙa da diga, ko ganuwar ƙasa da aka tara da fartanya, sun fi kowane bangon dutse, domin ƙaton dodon nan shuɗi na Baƙin Daji yana iya rushe bango amma ba ya iya rushe ƙasa. Daɗin daɗawa, faɗowa daga kan gini na cikin abubuwan da suka fi kashe magina. Ke nan ranar da mai wasa ya fara hasumiya, ya bar batun tsira da rai, ya shiga wata bukata ta daban wadda wasan bai taɓa umartarsa da ita ba.

Hasumiya a Cikin Hikaya

Shin masu wasan sun san abin da suke yi, ko kuwa sa'a ce? Akwai alamun sun sani. Tun mai wasa yana sanye da tsumma, yana fama da gatarin dutse, yake cin karo da kangayen hasumiyoyi a Baƙin Daji, ƙasusuwan matattu suna gadinsu. Yana ganin ginin dutse a rushe tun kafin ya iya aza nasa. A Fadama kuma akwai dutsen da aka rubuta asalin Dirauga a kansa: wai wata al'umma ce mai girman kai da ta gina dogayen hasumiyoyi, ta haƙi ƙasa neman ma'adinai, ta ja da abubuwan bautarta, aka rushe biranenta suka nutse. Idan aka haɗa wannan da abin da muka faɗa a baya, za a ga wani gugar zana mai kaifi. Mai wasa yana fasa kushewar mutanen da hasumiya ta hallaka, yana kwashe ƙarfensu, domin ya je ya gina tasa hasumiyar.

Wannan jigo na dogon gini da girman kai tsoho ne, kuma masu karatunmu sun san shi ta hanyar labarin Fir'auna da ya umarci Hamana ya gina masa bene mai tsawo, wasu kuma ta hanyar labarin hasumiyar Babila. Amma mutanen arewacin Turai suna da nasu labarin magini, wanda Snorri Sturluson na Aisland ya rubuta a littafinsa Edda wajen 1220. Wani baƙo ya zo ya ce zai gina wa Asgad, mazaunin abubuwan bautar, ganuwar da ba mai iya ƙetarewa, ladansa kuwa a ba shi Fireya ya aura, a haɗa masa da rana da wata. Aka amince bisa sharaɗin ya gama cikin hunturu ɗaya, ba mai taimakonsa sai dokinsa, ana ganin ba zai iya ba. Ashe dokin shi ke jan manyan duwatsu da dare. Da aka ga saura kwana 3 kuma aiki ya kusa ƙarewa, sai Loki ya rikiɗe ya zama goɗiya ya janye dokin zuwa daji. Magini ya fusata, asirinsa ya tonu cewa ƙato ne daga cikin abokan gaba, Tor ya fasa masa kai da guduma. Abin lura a nan shi ne, a tunanin masu wannan hikaya, babban ginin dutse aikin baƙo ne, kuma sai da yaudara aka mallake shi.

Tarihi ma ya goyi bayan haka. Mutanen zamanin Baikin da katako da ƙasa suke gini. Dogayen zaurukansu na itace ne, sansanonin yaƙi masu da'ira da aka gina a Denmak wajen 980, zamanin Sarki Harald, ganuwar ƙasa ce da katako. Manyan gine-ginen dutse sun shigo ne tare da coci, kamar babbar majami'ar Lund da aka keɓe a 1145, bayan zamanin Baikin ya shuɗe. Saboda haka hasumiyar dutse ta Valheim ba gadon Baikin ba ce, mafarkin ɗan zamani ne da ya saba ganin fadojin sarakunan Turai a fina-finai. Ba mu ɗauki wannan a matsayin laifi ba, tunda duniyar wasan lahira ce ta hikaya, ba ƙauyen tarihi ba. Mun ambace shi ne domin ya ƙara nuna cewa jarumin da ya koma ga dutse ya bar al'adar gidansu, ya ɗauki ta waɗanda aka hallaka.

Inda Ginin Ya Tsage

Duk da wannan yabo, akwai wurare biyu da muke ganin aikin ya gaza. Na farko ya shafi dokar kanta. Wasan ba ya lissafa nauyi, nisa daga ƙasa kawai yake aunawa. Siririn ginshiƙi ɗaya yana iya ɗaukar falo guda na dutse, muddin launi bai kai ja ba, kuma faɗin bango a ƙasa ba ya ƙara masa tsawon da zai kai. Duk maginin gargajiya ya san akasin haka. Hasumiyar masallacin Agadas, mai kimanin mita 27 da aka gina da laka, ta tsaya ne saboda gindinta ya fi kanta faɗi, tana tsukewa tana hawa. Haka kuma bakan gizo, wanda magina suka gano tun da daɗewa domin ya karkatar da nauyi zuwa gefe, a Valheim ado ne kurum, ba ya riƙe abin da miƙaƙƙen dutse bai riƙe ba. Sakamakon haka shi ne, mai wasa ba hikimar gini yake koyo ba, dabarun zagaye doka yake koyo. Wani yakan tara ƙasa da fartanya ta zama dogon tudu a tsakiyar hasumiya, domin duk abin da ya taɓa ta ya koma shuɗi. Wani yakan shuka itace ya jingina ginin a jikinsa, ko ya nemi dogon dutsen Allah a fili ya lulluɓe shi da bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma 'yan wasa sun shiga ta kowace tsaga. Idan muka koma ga kwatancenmu na waƙa, wannan ya yi kama da mawaƙin da ke jan wasali ko ya cusa kalmar da ba ta da aiki domin kari ya cika.

A 2023 kamfanin ya ƙara wasu zaɓuɓɓuka da ke ba mai wasa damar wucewa da ƙarfe ta ƙofar tsafi, ko ma ya yi gini ba tare da biyan kaya ba. Muna fahimtar dalilin, domin ba kowa ke da darare irin na ɗalibinmu ba. Sai dai hasumiyar da aka gina ta wannan hanya, ko da ta fi kyau a hoto, ba ta ɗauke da tarihin kowa, kuma mai kallon hoton ba shi da yadda zai bambance ta da wadda aka sha wuya a kanta.

Gazawa ta biyu ta fi damunmu a matsayinmu na masu nazarin labari. Wasan ya ɗana tarko mai kyau da labarin Dirauga, sa'an nan ya ƙi taka shi. Mai wasa yana maimaita laifin waɗanda aka hallaka, mataki bayan mataki, amma babu abin da ke biyo baya. Tor yakan ratsa sararin sama cikin hadari a kan kekensa, bai taɓa jifan hasumiyar kowa ba. Harin da dodanni ke kawowa gida yana bin adadin manyan dodannin da aka kashe ne, bai san tsawon gini ba, bukka da fada duk ɗaya ne a wurinsa. Hankaka, mai surutu a kan kowane sabon makami, ba shi da ta cewa idan aka kai mita 50. A wasan kwaikwayo, idan marubuci ya sa boka ya yi gargaɗi a fitowa ta farko, 'yan kallo suna da haƙƙin ganin abin da gargaɗin ya haifar kafin a rufe labule. A nan an yi gargaɗin, an bar shi a kan dutse a cikin Fadama.

Ana iya ba mu amsa da cewa hukuncin yana nan, sai dai ba irin wanda muke jira ba ne. Duniyar Valheim kusan kango ce. In ban da 'yan kasuwa ƙalilan da ke zaune a wurarensu ba sa motsi, babu talakawa, babu baƙi, babu maroƙin da zai wasa mai gida. Ko da an taru ana wasa tare, ba a wuce mutum 10 a duniya ɗaya. Mutum zai gama hawa goma, ya shimfiɗa fatu, ya rataya tutoci, ya kunna wuta a kowane hawa, sa'an nan ya tarar gado ɗaya kawai yake bukata. Mun tambayi ɗalibin namu a wane hawa yake kwana. Ya yi dariya ya ce a ƙasa, kusa da ƙofa, a cikin tsohuwar bukkar katakon da ya fara ginawa, domin hawa matakala yana cin kuzari kuma akwatunan kayansa duk suna can.

Akwai mai kallo guda ɗaya da masu wasan suka tanada. Wani lokaci, galibi da dare, akan hango wani tsoho sanye da baƙar alkyabba, da sanda a hannu, da ido ɗaya mai haske, yana tsaye daga nesa yana duban mai wasa. Odin ne. Ba ya magana, kuma da an nufe shi sai ya ɓace. Ɗalibin ya ce ya taɓa hango shi daga ƙolin hasumiya, a daren da yake ƙoƙarin ɗora dutsen da ya zubo masa sau uku. Ya saki guduma ya gangaro da gudu, kafin ya sauko hawa goma babu kowa a wurin. Washegari ya sake shiga jirgi ya nufi Fadama neman ƙarfe 6 da suka rage masa. Babi na ukun kuwa ya iso teburinmu bayan mako biyu.